Sarakunan Duniya: Haakon, Sarkin Norway da Ya Ƙi Miƙa Wuya ga Hitila

A makon nan filin namu ya leƙa Norway, ƙasa mai tsananin sanyi can arewacin Turai, domin duba rayuwar Sarki Haakon na Bakwai.

Shi dai Haakon ba haifaffen Norway ba ne. Ɗan sarkin Denmark ne, sunansa na asali Carl, an haife shi a 1872. Da Norway ta rabu da Sweden a 1905, sai aka yi masa tayin sarautar ƙasar, amma ya ce ba zai karɓa ba sai an ji ta bakin talakawa. Aka jefa ƙuri'a a watan Nuwamba, wajen kashi 79 cikin 100 suka amince, sa'an nan ya hau gado.

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ran 9 ga Afrilu, 1940, sojojin Hitila suka abka wa Norway, Sarki da ministocinsa suka fice daga Oslo, babban birnin ƙasar. Kashegari jakadan Jamus ya iske shi a garin Elverum, ya nemi ya naɗa Vidkun Quisling, ɗan koren Jamusawa, firayim minista.

Bisa tsarin mulkin Norway, yanke irin wannan shawara hakkin gwamnati ne. Saboda haka Sarki ya tara ministoci, ya shaida musu cewa zaɓi nasu ne, amma muddin suka amince, to shi zai yi murabus, domin jama'a ba su yarda da Quisling ba. Nan take suka goya masa baya. Ran 11 ga wata jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a ƙauyen Nybergsund inda ya sauka. Tsoho mai shekara 67 ya tsira da ƙyar cikin daji, a tsakiyar dusar ƙanƙara.

Ran 7 ga Yuni ya tashi zuwa Ingila, inda ya riƙa yi wa jama'arsa jawabi ta gidan rediyon BBC, su kuwa suna rubuta alamarsa, H7, a bangaye a asirce. Ya komo gida ran 7 ga Yuni, 1945, bayan shekara 5 cif. Quisling kuwa, kotu ta yanke masa hukuncin kisa, aka harbe shi a watan Oktoba.

Haakon ya rasu a 1957, bayan kusan shekara 52 a kan gado. Jarinsa duka yardar nan ce da ya nema wurin talakawa a 1905, kuma da tura ta kai bango, ya nuna gara ya rasa sarauta da ya ci amanarsu.