Ɓoye Dukiya Ga Iyali Zalunci Ne Ga Marayu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, muna kira da babbar murya a kan wata muguwar al'ada da ta yi kanta a ƙauyukanmu na Dambatta, Bichi, Minjibir da Dawakin Tofa, wato magidanci ya tara dukiya, ya ɓoye wa matansa da 'ya'yansa, har mutuwa ta riske shi babu wanda ya san inda take.

A zamanin gandu ba haka abin yake ba. Uba ke riƙe da gona, shi ke da ikon rumbu, amma kowane ɗa ya san iyakar gonar domin da fartanyarsa ya nome ta. Yau ƙasa ta yi ƙaranci, gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, dukiya kuwa ta koma inda ido ba ya gani: gonar jingina, shanun da aka ba da kiwo, buhunan hatsi a rumbunan Dawanau, ajiyar banki, da hannun jarin da jama'a suka saya lokacin haɗe bankuna a 2005.

To, ina sakamakon ɓoyon? A 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Nijeriya ta bayyana cewa ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Dokar Kuɗi ta 2020 kuwa ta ba gwamnati damar karɓar irin wannan riba a matsayin rance idan ta shekara 6 ba a nema ba. An ce mai haƙƙi na iya zuwa ya karɓa. Yaya maraya zai nemi abin da bai taɓa jin labarinsa ba?

Masu kare wannan al'ada suna cewa in iyali suka gani kwaɗayi zai shiga, kishiyoyi su yi rikici, ko baki ya kama dukiyar. Muna amsa musu: rikicin da ake kwasa a kotunan shari'a bayan an binne mamaci ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, kuma duhu ne ke haifar da shi. Tsoron baki kuwa raunin tawakkali ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Suratun Nisa'i ta yanka wa kowane magaji rabonsa. Wanda ya ɓoye abin da za a raba, ya toshe hanyar zartar da hukuncin Allah.

Ba mu ce ka miƙa wa ɗanka lambar sirrinka ko ikon sa hannu ba. Gani daban, riƙo daban. Ka rubuta abin da ka mallaka, da bashin da kake bi da wanda ake bin ka, shaidu biyu adilai su sa hannu. Duk shekara, ranar da kake lissafin zakka, ka karanta wa matanka da manyan 'ya'yanka, maza da mata, ka nuna musu takardar bayanin asusunka, sannan ka mayar da ita akwatinka. Iko yana nan a hannunka har ranar da Mai iko zai karɓe ka.

Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin marayu, Ya sa mu cika da imani. Amin.