ZAUREN IYAYE: "Ai Ɗan Nan Nawa Ƙwaƙwalwarsa Daban Ce!"

 

Yau maganarmu a kan wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare. Duk gidan suna ko biki da kika shiga sai kin ji wata tana cewa, "Ke Hajiya, yaron nan nawa har tsoro yake ba ni. Wata tara ya miƙe da ƙafarsa, ga shi shekara uku yana ƙirga ɗaya har ɗari!" Ikon Allah! A da alkunya kan hana uwa ko kama sunan ɗan fari, yau kuwa ita ce marokiyarsa.

Ba laifi ba ne uwa ta yi murna da ɗanta, sai dai so hana ganin aibu. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da binciken da ta yi a kan yaran ƙasashe 5, har da Gana, inda aka ga lafiyayyen yaro na iya fara tafiya tun daga wata 8 har kusan wata 18. Kin ga ke nan ɗan wata tara bai yi abin al'ajabi ba, na maƙwabciyarki ɗan wata 15 kuma ba dolo ba ne.

Batun ƙirga kuwa, hadda daban, fahimta daban. Wanda ke rera ɗaya zuwa ɗari, ce masa ya ɗauko miki cokali bakwai a kwando, ki sha kallo. Aku ma ai yana maimaita magana.

Inda gizo ke saƙar shi ne makaranta. Tsarin ilimin Nijeriya ya ajiye shekara 6 don shiga firamare, amma sai maigida ya je ya tsare hedimasta, lallai a tsallakar masa da yaro aji. A ƙetare aji shida, a kai yarinya 'yar shekara tara makarantar kwana, ko wankin kayanta ba ta iya ba, manya na cin zalinta, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Wadda ke zuwa ta ɗaya sai ta koma ta talatin, a gida kuma a hau ta da faɗa wai ta lalace. Haba iyaye! Wa ya lalata ta?

In an lallaɓa an gama sakandare a shekara 14, sai a ci karo da wani shingen. A 2025 gwamnati ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, JAMB kuma ta ce wanda bai kai ba sai ya ci aƙalla maki 320 cikin 400 kafin a ma duba batunsa. Sauri ya haifi nawa ke nan: ko yaro ya zauna a gida, ko iyaye su yi ƙaryar shekaru a gabansa.

Kuma fa ko masana ba su iya hango gobe. A 1921 wani malamin jami'ar Stanford ta Amurka, Lewis Terman, ya fara tace yara haziƙai kimanin 1,500. Cikin waɗanda gwajinsa ya zubar akwai William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci kyautar Nobel a 1956 da 1968, zaɓaɓɓunsa kuwa babu ko ɗaya.

Don haka uwargida, in Allah ya ba ki mai kaifin kai, ki ce tubarkalla ki kama bakinki. Ki saya masa littattafai, ki yi masa tatsuniya, ki bar shi ya yi wasan ƙasa da sa'o'insa. Kada ki riƙa gorin yayyensa ko 'ya'yan abokiyar zamanki da shi, don nan ake shuka gabar da ba ta ƙarewa. Mai hazaƙar gaske ba ya ɓuya, malamansa ne za su fara faɗa miki.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.