In wayar wuta ta yi kuka: a kasa kunne, kada a kai hannu

Kowace shekara, da zarar hunturu ya sauka, daga watan Disamba zuwa na Janairu, akan ji magana guda tana yawo cikin unguwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai: wai ɗaki yana kuka da dare. Mai gida ya kwanta, gari ya yi tsit, sai ya ji wani gunji siriri yana saukowa daga saman bango, daidai inda wayar wuta ta taso daga poto ta kama jikin gidan. Wani ya ce iskoki ne suka sami masauki, ya nemi turare. Wani ya ce kwantar ce ke shan wuta ita kaɗai, ya kwana yana lissafin kuɗin ƙarshen wata. Wani kuma ya aika a kira masa yaron unguwa mai filaya da tsani. Dukansu uku sun yi kuskure, amma na ukun ne kuskurensa ke kai mutum kushewa.

Wutar lantarki dukiya ce da ƙasa ta sha wahala kafin ta samu. An kafa kamfanin Nijelek a shekarar 1968. A 1976 aka jawo babban layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, mai ɗauke da wutar Najeriya. A 1981 tashar gawayin Anu-Araren ta fara aiki a jihar Agadas. A 1994 wani layin ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa domin Maraɗi da Damagaram. A 2017 aka buɗe tashar Goru-Banda kusa da Yamai. Duk da haka, a shekarar 2022 kimanin mutum 1 cikin 5 ne kaɗai ke da wuta a Nijar. Wanda waya ta iso ƙofarsa, to, amana ce ta iso masa, kuma farkon riƙon amanar shi ne ya san muryoyinta. Kukan waya iri uku ne. Biyu ba su da haɗari ga rai, na ukun kuwa gobara ce ke yin sallama.

Na farko kukan iska ne. Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko molo ya san cewa tsarkiya ita kaɗai muryarta ƙarama ce, ƙwaryar da aka ɗaura ta a kai ita ke ɗaukaka sautin. Haka abin yake ga gida. Waya ita ce tsarkiya, ƙarfen da magini ya kafa a bango shi ne jakin da ke riƙe da ita, rufin kwano kuwa shi ne ƙwarya. Idan iska marar ƙarfi ta daɗe tana ratsa waya a kaikaice, takan sa ta kaɗawa sama da ƙasa da saurin da ido ba ya gani. Iska mai tafiyar kilomita 18 a awa, in ta bugi waya mai kaurin santimita 1, tana girgiza ta kamar sau 100 cikin daƙiƙa guda. Sanyi kuma yana ƙara ɗaure tsarkiyar: wayar alminiyam mai tsawon mita 30 tana tsukewa da fiye da santimita 1 idan zafin gari ya sauka da digiri 20, kamar yadda yakan yi tsakanin azahar da asuba a lokacin ɗari. Shi ya sa kukan ya fi yawa da tsakar dare, ya ragu in hantsi ya ɗaga. Alamarsa ita ce yana tashi yana sauka tare da iska, in iska ta kwanta shi ma ya kwanta. Wannan kuka ba ya cin wuta ko ta dala ɗaya, domin kwantar ba ta san da shi ba. Illarsa kawai ita ce hana barci, da kuma sassauta ƙusoshi da cin bango a hankali in an bar shi shekara da shekaru.

Na biyu kukan wutar ne ita kanta. Wutar da ake rabawa a gidajen Nijar, mai ƙarfin bolt 220, tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Duk na'urar da ke da dunƙulen ƙarfe da aka naɗe da waya, kamar taransfo da ke bisa poto, ƙarfenta yana ɗan miƙewa yana tsukewa sau biyu a kowane zagaye, watau sau 100 cikin daƙiƙa. Daga nan gunjin yake fitowa. Muryarsa guda ce, mai kauri, ba ta canzawa ko da iska ko babu. Wani lokaci girgizar takan biyo waya daga poton da taransfo ke kai har ta iso bango. Sau da yawa kuma mai kukan yana cikin ɗaki: tsohuwar doguwar fitilar neyon, ko firji, ko fanka, ko akwatin daidaita wuta da ake haɗa wa talabijin. Idan muryar ta zauna yadda aka saba jin ta, babu abin tsoro. Idan kuwa ta ƙara ƙarfi a cikin ƴan kwanaki, ko aka ga mai yana tsiyaya daga jikin taransfo, to, kaya sun yi masa yawa ko ya kamu da ciwo, ya kamata kamfani ya sani.

Na uku shi ne wanda ya sa wannan magana ta cancanci shafin jarida. Murya ce mai kama da suyar mai a kasko, ko tartsatsin gishiri cikin garwashi. Tana fitowa daga inda waya ta haɗu da waya, ko inda ta shiga akwatin kwantar, idan ɗaurin ya sassauta ko ya yi tsatsa. A nan wuta takan yi tsalle ta ƙetare ɗan gibin da ke tsakani, wurin ya yi zafi, robar da ke rufe da waya ta narke, gibin ya ƙara faɗi. Abokan tafiyarta sanannu ne: warin roba mai ƙonewa, baƙin tabo a bango, ƙyalli shuɗi da ake hangowa da dare, fitilu suna ƙifta ido. Mafi muni shi ne a ga fitila ɗaya ta yi haske fiye da kima, wata kuma ta dushe. Wannan yana nuna cewa wayar da wuta ke komawa ta cikinta ta saki, kuma a irin wannan hali ƙarfin wuta a wani gida yana iya haurawa daga bolt 220 ya doshi 380, ya ƙone firji da rediyo a unguwa guda cikin dare ɗaya. Bayan hunturu ma akwai wani lokacin lura: ƙurar da ta taru bisa tangaran ɗin da ke riƙe da wayoyi, in yayyafin farko ya jiƙa ta, takan zama hanya ga wuta, a ji poto yana ƙara kamar ana yage ƙyalle.

Rarrabe waɗannan muryoyi ba ya bukatar tsani ko filaya. Abu huɗu ne, kuma duk a ƙasa ake yin su. Na ɗaya, mai gida ya fita tsakar gida ya lura ko kukan yana bin iska. Na biyu, da busasshen hannu, da takalmi a ƙafa, ya kashe babban makunnin da ke kusa da kwantar. In kukan ya tsaya, mai yin sa yana cikin gida, sai a mayar da wuta a riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya har a gano shi. In ya ci gaba, daga waje yake. Na uku, ya tsaya nesa ya duba da ido: ko reshen dogon yaro yana gugar waya, ko ƙarfen bango ya karkace, ko zuma ko rina sun yi gida cikin akwati, domin su ma sukan ruɗi kunne. Na huɗu, ya tambayi maƙwabta ko su ma suna ji, ko fitilunsu suna rawa. Idan akwai wari, ko tartsatsi, ko zafi a jikin akwati, gwaji ya ƙare: a kashe babban makunni in ana iya isa gare shi lafiya, a fitar da yara, a sanar da kamfani nan take. Idan wuta ta kama, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, kuma ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. Wayar da ta faɗi ƙasa kuwa, a ɗauke ta a matsayin mai rai, a ba ta tazarar mita 10, a tsayar da babba ya kori yara da dabbobi.

A nan ne iyakar aikin mai gida take. Kashe makunni yana yanke wutar cikin ɗakuna kaɗai. Wayar da ke tsakanin poto da kwantar tana nan da wutarta, dare da rana. Wannan yanki na kamfani ne, ma'aikatansa ne ke da ikon yanke shi da kayan taɓa shi. Mai ɗora tsanin ƙarfe a wurin, ko mai zungurar waya da gora don ta yi shiru, ko mai cusa tsumma tsakaninta da bango, yana wasa da ransa da na iyalinsa.

Akwai hujjar da jama'a ke kawowa, kuma ba ta rasa nauyi ba. Sukan ce mai gyaran unguwa yana zuwa cikin awa guda a kan kuɗi kaɗan, alhali kuwa kai ƙara ofis yana cin yini, jiran mota kuma yana cin kwanaki. Wanda yaransa ke kwana ƙarƙashin waya mai tartsatsi ba shi da haƙurin jiran takarda. Amma a duba abin da gyaran gaggawa ke bari a baya. Mafi yawa murɗa waya ne a kan waya, a naɗe da baƙin salatif, wani lokaci ma jan ƙarfe a kan alminiyam, alhali waɗannan biyu in sun haɗu ba tare da maɗauri na musamman ba sukan ci juna da tsatsa. Kuka ya tsaya mako biyu, ciwon ya koma ƙarƙashin salatif inda ido ba ya gani. Akwai kuma masu yin shiru don tsoro, saboda an jawo wa gidaje uku ko huɗu wuta daga kwantar guda, wayoyi sun bi ta kan katanga kamar saƙar gizo-gizo. Su ne suka fi kowa zama cikin haɗari, domin siririyar waya ce ke ɗauke da kayan da suka fi ƙarfinta. Tarar da suke gudu tana da iyaka, asarar gobara ba ta da ita. Mutanen Yamai ba su manta ba: a 1982 gobara ta cinye Babbar Kasuwa, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Ko mene ne ya haddasa gobara, dare ɗaya take ci, shekaru ake yi ana biya.

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan hukuma kamar yadda ya rataya a wuyan talaka. Ba a hana mutum kiran yaron unguwa da wa'azi kaɗai. Sai an sa ƙofar ofis ta fi kusa. Ya dace kowane reshe na kamfani ya raba ƙararraki kashi biyu: tartsatsi da wari da faɗuwar waya a je musu a ranar, kukan iska kuma a sa masa rana sananna, a ba mai ƙara takardar shaida mai lamba. Maganin kukan iska ba shi da tsada: a ɗan sassauta ɗaurin waya, a sa roba tsakanin ƙarfe da bango, ko a cire ƙarfen daga jikin katakon rufi a mayar da shi inda ba zai taɓa kwano ba. Ya dace ma'aikatar magajin gari ta tsara sassabe rassan itatuwa tare da kamfani kafin damina, a daina barin mai gatari ya hau shi kaɗai. Ya dace magina su koyi kafa ƙarfen waya a bango mai ƙarfi, nesa da taga da soron da ake shanya. Masu unguwa su tattara ƙararrakin da suka shafi poto guda su kai tare, Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara kuma su maimaita waɗannan alamu da harsunan ƙasa a farkon ɗari da farkon damina.

Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci suna da rabo babba a nan. Mai zuwa ofis ya ce “gidana yana kuka” ya bar ma'aikaci cikin duhu. Mai zuwa da ƴar takarda da ya rubuta da hannunsa, cewa kukan ya soma ranar kaza, da ƙarfe kaza, ya ci gaba bayan an kashe makunni, akwai wari, gidaje uku fitilunsu suna rawa, ga lambar kwantar, ya riga ya yi rabin aikin, kuma da wuya a ture maganarsa gefe. Karatun da aka koya da dare a gaban allo, ga wurin da zai tsare gida. Malaman yaƙi da jahilci za su kyauta in suka mai da wannan takarda darasi, kowane ɗalibi ya rubuta tasa, ya kuma rubuta wa maƙwabcin da bai iya ba.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Waya ba ta kuka banza, kuma kukanta ba na iskoki ba ne: ko iska ce, ko ƙarfe, ko ɗaurin da ya saki. Mai gida ya saurara, ya duba daga nesa, ya rubuta, ya kai ƙara. Ma'aikaci ya karɓa, ya zo da wuri, ya gyara da kayan da suka dace. Allah ya kiyaye gidajen jama'a daga gobara, ya kai hasken lantarki garuruwan da har yanzu ke jiransa.