Zuwa Ga Akantoci: Ku Taho Da Alƙalaminku



Duk ranar 19 ga Yuni, ranar masu cutar sikila ta duniya, nakan ga wasunku a taron ƙungiyoyin sa-kai kuna jera kujeru, kuna raba ruwan leda. Allah ya saka da alheri. Sai dai kujera kowane yaro zai iya ɗauka. Abin da ƙungiyoyin suke nema ruwa a jallo shi ne iliminku na lissafi, ku kuwa kun baro shi a ofis.

Akwai ƙungiyar iyayen masu sikila da nake taimaka wa a unguwarmu. Ranar da na fara zuwa, ma'ajiyarsu, uwar yara biyu masu ciwon, ta zazzage mini baƙar leda a kan tabarma: rasiɗan folic acid da Paludrine, wasu tawadar duk ta dushe, takardun kuɗin ƙarin jini, da littafin 'yan makaranta inda take rubuta gudummawa. Kuɗin kuwa asusunta ake turowa, su gauraya da na cefanenta. Kwana uku ina bin lissafin, ko sisi ba ta ci ba. Amma tuni tsegumi ya zagaya, har tana shirin ajiye muƙamin. Kafin nan ma wata gidauniya ta so saya wa yaran hydroxyurea, ta nemi rahoton kuɗi na shekara, babu, maganar ta bi ruwa.

Irin wannan ledar ce ke jiran ku. Idan kun je, kada ku fara da manhajar kamfani ko turancin odita. Ku fara da littafi ɗaya na shige da fice. Ku taya su rajista da hukumar CAC a matsayin amintattu kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, ku nema musu takardar SCUML da banki zai tambaya, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu.

Ku tsaya tsayin daka a kan abu guda: kuɗin da aka bayar don jini na jini ne. Za a roƙe ku a ɗan ara a biya hayar rumfar taro, a mayar daga baya. Ku ƙi, cikin ladabi. Ciwon nan ba ya sallama idan zai tashi, sau da yawa cikin dare ne, kuma a daren nan ake sanin amfanin abin da aka ajiye.

Rahoton wata kada ya wuce shafi ɗaya, a karanta shi da Hausa a gaban mambobi. Sunan yaro mara lafiya kuwa kada ya shiga takardar da za ta yawo a WhatsApp, domin har yau akwai gidajen da ke ɓoye ciwon saboda maganar aure.

Kada ku karɓe littafin daga hannun ma'ajiya. Ku zauna gefenta ta rubuta kuna dubawa, don ku ana iya canza muku wurin aiki gobe, ita kuwa tana nan. Kuma kada ku yi alƙawarin da ya fi ƙarfinku. Asabar ɗaya a wata ta isa, in dai za ku riƙa zuwa. Tamu ma'ajiyar yanzu ita ke rufe lissafin wata da kanta, ni sai dai in duba in sa hannu.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.