Sirrin Zaman Sulhu Amana Ce da Ya Kamata Kotu Ta Tsare

Sulhu ba ya yiwuwa sai masu husuma sun saki jiki sun faɗi abin da ke ransu, kuma babu mai yin haka matuƙar yana tsoron a maimaita maganarsa gobe a gaban alƙali. Wanda ake bi bashi zai iya cewa ya yarda ya biya rabi don a rabu lafiya. Idan zaman ya watse, aka kai wannan tayin kotu a matsayin iƙirari, an hukunta shi ne saboda ya nemi zaman lafiya.

Dokar Sasanci da Sulhu ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta lura da wannan haɗari. Ta bi sawun dokar-samfuri ta hukumar UNCITRAL ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ta mayar da abin da aka tattauna a zaman sulhu sirri, ta kuma hana kafa hujja a shari'a da tayi ko sassaucin da wani ɓangare ya yi a wurin. Akwai togaciya, kamar inda doka ta tilasta bayyanawa, ko ake neman zartar da yarjejeniyar da aka cimma.

Fikihun Malikiyya ma bai saɓa wa wannan ba. Malamai sun kasa sulhu gida uku: a kan iƙirari, a kan inkari, da a kan shiru. Halatta sulhu a kan inkari na nuna cewa mutum na iya ba da dukiya don ya kuɓuta daga rantsuwa da jeka-ka-dawon kotu, alhali bai amsa da'awar da ake yi masa ba. Saboda haka tayin sulhu, shi kaɗai, ba shaida ba ce.

Matsalar ita ce, mafi yawan sulhun Hausawa ba a ofis ake yin sa ba. A zauren mai unguwa ake yi, ko wurin limami, sarkin kasuwa da dattawan dangi, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. A da, kunya da dattako ke riƙe bakin mahalarta, domin an san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yau wayar hannu na naɗe muryar ma'aurata a ɓoye, kafin magariba ta karaɗe WhatsApp.

Ya kamata kotunan shari'ar Musulunci da na majistare su ƙi kiran mai sulhu shaida kan abin da aka faɗa masa, sai fa inda ake fargabar salwantar rai, cutar da yaro, ko ɓoye babban laifi. Masu sulhu kuma su buɗe kowane zama da bayyana wannan sharaɗi da iyakokinsa, a ajiye wayoyi a waje, a rubuta matsayar ƙarshe kaɗai. Idan ba a yi haka ba, mutane za su riƙa zuwa zaure da bakin da suke zuwa kotu da shi, sulhu kuma ya gagara.