Ra'ayinmu: Lissafin kumburi da buƙatar yammacin Zamfara

A asibitocin Anka da Gummi, ma'aikacin lafiyar da ke zargin tamowa yakan danna babban yatsa a saman ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku. In ya ɗaga gurbin yatsan bai cike ba, to ruwa ya taru a jiki, kuma yaron na cikin haɗari ko da a ido ya yi ɓulɓul. Yankin ya san wani kumburin da ya fi wannan muni. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, alamar da iyaye suka fi gani ita ce jijjiga. Dalma mai yawa tana kumbura ƙwaƙwalwa, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri.

Akwai reshen ilmin lissafi da ke nazarin yadda abu mai taushi ke shan ruwa ya kumbura, ko tsokar mutum ce ko sinadarin haidirojel. Ana muhawara kan ko ya dace jami'o'inmu su ba shi lokaci da kuɗi.

Masu ganin bai dace ba suna da hujja mai ƙarfi. Abin da ya ceci yaran Bagega, wani ƙauyen da gubar dalmar ta shafa, shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa a 2013 da maganin fitar da dalma da likitocin ƙungiyar MSF suka raba. Abin da mai tamowa ke buƙata a yau shi ne madarar asibiti, da abincin gyaɗa na musamman, da hanyar da uwa za ta bi ta kai shi gari ba tare da fargabar 'yan bindiga ba. Sun kuma ga yadda binciken digiri ke ƙarewa a kan kanta yana shan ƙura. A wurinsu, wanda gidansa ke ci da wuta ba ya zaman auna zafinta.

Ɗaya ɓangaren na cewa wannan lissafi ya daɗe da shiga gidajenmu. A 1943 Paul Flory da John Rehner suka bayyana kumburi a matsayin ja-in-ja tsakanin ƙarfin da ke janyo ruwa ciki da saƙar zaren da ke hana abin ci gaba da buɗewa. Inda suka yi kunnen doki, nan kumburin ke tsayawa. Garin haidirojel da ke cikin ƙunzugun jarirai na zamani yana shan tataccen ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa, amma a ruwa mai gishiri kamar fitsari sau gomomi kawai yake sha. Gishiri ne ke sauya sakamakon, kuma haka lamarin yake a jikin mutum, domin abin da ke cike tsakanin ƙwayoyin halitta shi ma irin wannan saƙa ce mai riƙe ruwa. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana ba yaro mai kumburin tamowa maganin sa fitsari, ta hana yi masa ƙarin ruwa ta jijiya sai in ya kai ga galabaita ƙwarai, ta kuma tanadi ruwan gishiri da sukari na daban mai ƙarancin gishiri. Har yanzu masana ba su yi ittifaƙi kan musabbabin wannan kumburi ba. An daɗe ana ɗora alhakin kan ƙarancin furotin a jini, sai Michael Golden da abokan aikinsa a Jamaika suka nuna a 1980 cewa kumburin kan sace tun furotin ɗin bai ƙaru ba.

Da muka auna, mun ga ɓangaren farko ya yi daidai game da abin da ya fi gaggawa, amma ya yi kuskure da ya ɗauka asusu ɗaya ake ja. Kuɗin bincike da asusun TETFund ke ba jami'o'i ba su ne na sayen madara ba. In ba a kashe su a nan ba, wani binciken za su tafi. Ɓangare na biyu kuma yana da rauninsa. Lissafi yana tafiya ne da awon da aka ciyar da shi, kuma ƙa'idar da aka gina a kan roba a ɗakin gwaji ba za ta faɗi gaskiyar jikin yaron da yunwa da zazzaɓin cizon sauro da dalma suka haɗu a kansa ba.

Don haka muna goyon bayan binciken, bisa sharaɗi. Sassan lissafi na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato su yi shi kafaɗa da kafaɗa da likitocin yara, tambayar ta fito daga gadon asibiti, awon kuma ya fito daga bayanan Anka da Gummi da Bukkuyum, da izinin iyaye da sakaya sunayen yara. Binciken da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ba mu ga dalilin fifita shi a rabon kuɗin gwamnati ba.