Ɗakunan Ibadar Bani Isra'ila da Aka Manta, da Masallatan Ƙauyukanmu

Duk wanda ya taɓa zama a majalisin tafsirin azumi a Kaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya ji labarin Bani Isra'ila fiye da na kowace al'umma, domin Alƙur'ani mai girma ya yawaita ambatonsu. Amma da za a tambayi ɗalibi inda suka yi ibada, amsarsa ɗaya ce: Baitul Maƙdis. Bai yi kuskure ba, domin hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa Masallacin Aƙsa shi ne na biyu da aka kafa a bayan ƙasa, bayan na Makka. Sai dai a tsawon ƙarnoni Bani Isra'ila sun yi wasu ɗakunan ibadar a ƙauyuka, da garuruwan kan iyaka, da sansanonin soja, har da ƙasar Masar. Abin da ya faru da waɗannan ƙananan wurare ya shafe mu a yau, mu da ɗimbin masallatanmu na karkara suke rufe, ko suke buɗe ba liman.

Kafin mu shiga labarin, akwai ƙa'idar da malamai suka gindaya game da abin da ake ɗebowa daga Ma'abota Littafi. Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibn Kasir sun kasa shi gida uku: wanda shari'armu ta gaskata, wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kansa, wanda ake ruwaitowa ba tare da an gaskata ko an ƙaryata ba. Littafinsu na Sarakuna, alal misali, ya jingina wa Annabi Sulaiman (AS) gina wuraren bautar gumaka. Wannan muna watsi da shi, domin aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta wanke shi daga kafirci. Duwatsu da takardun da masu tonon tarihi suka fito da su kuwa ba wahayi ba ne. Shaida ce irin ta ido, ana karɓarta gwargwadon ƙarfinta.

Shilo, wadda Falasɗinawa ke kira Sailun, tana kimanin kilomita 30 arewa da Ƙudus. A can aka kafa hemar ibada, aka ajiye Tabutu, wato Akwatin Alkawari, tun kafin a yi sarauta a cikinsu. Littafinsu ya ce 'ya'yan mai kula da wurin sun mayar da hadayar jama'a abin cinsu, sannan aka fita da Akwatin zuwa fagen yaƙi, abokan gaba suka ƙwace shi. Masu tono sun sami alamar gobarar da ta cinye garin wajen shekara ta 1050 kafin Miladiyya. Ɗalibin tafsiri zai gane wurin: shi ne zamanin da ayoyi na 246 zuwa 248 na Baƙara suke magana a kansa, inda dawowar Tabutu ta zama alamar sarautar Ɗalutu. Ƙarnoni bayan haka, Irmiya ya riƙa nuna wa mutanen Ƙudus kufan Shilo, yana gargaɗinsu kada su ɗauka cewa tsarkin gini zai kare masu ɓarna.

Bayan wafatin Annabi Sulaiman (AS), wajen shekara ta 930 kafin Miladiyya, masarautar ta rabu biyu. Sarkin arewa, Yarub'am, ya ji tsoron cewa muddin jama'arsa suna tafiya Ƙudus ibada, zukatansu za su koma ga sarkin kudu. Sai ya kafa wurare biyu, ɗaya a Betel, ɗaya a Dan, ya sa maraƙin zinariya a kowanne, ya naɗa masu hidima na kansa, ya sauya lokacin biki. Maraƙin da Annabi Musa (AS) ya ƙona ya dawo ke nan, wannan karon da hatimin fada. A Dan, inda aka fara tono a 1966, har yanzu ana ganin babban dandamalin da aka gina da sassaƙaƙƙun duwatsu.

Abin lura a nan shi ne dalilin ginin. Ba cunkoso ne ya kawo shi ba, ba kuma nisan hanya ba, ko da yake nisan hanyar aka ba jama'a a matsayin hujja. Tsoron rasa mabiya ne. Ba mu kamanta masallacin kowa da ɗakin maraƙi, Allah ya tsare. Amma Suratut Tauba ta ba mu labarin masallacin da aka gina a Madina domin raba muminai, kuma Shaihu Khalil a Mukhtasar ya ba tsohon masallaci fifiko idan Juma'a ta yawaita a gari guda ba da larura ba. Mu tambayi kanmu, tsakaninmu da Allah: cikin masallatan Juma'ar da aka buɗe a garuruwanmu a shekarun nan, nawa ne ƙuncin sahu ya haifar, nawa ne kuma saɓanin ƙungiya ko neman limanci? Muna ta ƙara mumbari a cikin gari, ƙauye kuwa yana rasa wanda zai ja salla.

A Arad, wani sansanin soja a hamadar Naƙab, an tono ɗakin ibada a shekarun 1960, da ƙuryarsa, da dutsen da aka kafa a tsaye, da ƙananan duwatsu biyu na ƙona turare a bakin ƙuryar. Binciken da aka buga a 2020 ya gano lubban a kan babban, a kan ƙaramin kuwa tabar wiwi ce da aka cakuɗa da kashin dabbobi domin ta ci wuta a hankali. A Motsa, ƙasa da kilomita 10 daga Ƙudus, an gano wani ɗakin a 2012, tare da ƙananan mutum-mutumi na mutane da dawakai. A Bi'ir Saba'a kuwa an sami duwatsun wurin yanka da aka wargaza aka cusa a bangon rumbu, abin da masana da yawa ke dangantawa da gyaran da Sarki Hazaƙiya ya yi. Duk waɗannan mutane sunan Ubangijin Musa suke kira. Abin da ya cakuɗe musu shi ne yadda ake bauta masa.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na wani tsibiri a tsakiyar Kogin Nilu, daura da Aswan, wanda mutanen da suke kira Yeb, Turawa kuma Elefantin. Yahudawa ne sojojin haya suke zaune a can da iyalansu, suna tsaron iyakar kudancin Masar ga sarakunan Farisa. Suna da ɗakin ibada mai ginshiƙan dutse, da ƙofofi biyar, da rufin katakon al'ul, wanda suka ce yana nan tun kafin Farisawa su ci Masar a 525 kafin Miladiyya. Maƙwabtansu masu bautar Khunum ne, gunki mai kan rago. A shekara ta 410, lokacin da gwamnan Masar ya yi tafiya, masu hidimar gunkin suka haɗa baki da kwamandan yankin, wani Bafarise mai suna Widranga. Aka turo sojoji, aka rushe ɗakin, aka ƙone abin da zai ƙonu, aka kwashe tasoshin zinariya da azurfa. Wanda aka ɗora wa tsaronsu shi ne ya ba da umarnin.

Mun san wannan ne daga takardun da aka tono a tsibirin a farkon ƙarni na 20, rubuce da harshen Aramiyanci. Cikinsu akwai kwafin wasiƙar da shugabansu Yedaniya ya aika wa gwamnan Yahudiya a shekara ta 407. A ciki ya bayyana cewa shekara uku ke nan suna sanye da tufafin makoki, suna azumi, matansu kamar masu takaba. Ya kuma faɗi abin da ya fi ciwo: tun lokacin da abin ya auku sun rubuta wa babban malamin Ƙudus, Yohanan, da abokansa, da manyan gari, ba wanda ya aiko musu da ko layi ɗaya. Amsar da ta zo daga baya, daga gwamna ta zo, ba daga malamai ba. Ta yarda a sake ginin, a riƙa miƙa hatsi da turare, ba ta ambaci yanka ba.

A cikin takardun akwai kuma jerin masu ba da gudunmawa, kowa shekel 2 na azurfa. A ƙarshen jerin an raba kuɗin tsakanin Yahu, sunan da suke kiran Ubangiji da shi, da wasu sunaye biyu na abin bauta da suka tsinta a wurin maƙwabta. Mutanen da suka yi shekara uku suna azumi domin ɗakin Allah, su ne kuma suke raba sadakarsu da wanin Allah, kuma babu alamar sun ga aibu a ciki. Ba ƙarancin himma ne ya same su ba. Sun yi nisa da masu ilimi, masu ilimin kuma ba su waiwaye su ba. Bayan shekara ta 399 labarinsu ya yanke.

Akwai wasu, kamar ɗakin Samariyawa a Dutsen Jirzim kusa da Nablus, wanda aka rushe a ƙarshen ƙarni na 2 kafin Miladiyya, da wanda Oniyas ya gina a arewacin Masar, wanda Rumawa suka rufe wajen shekara ta 73 Miladiyya, jim kaɗan bayan sun rushe na Ƙudus a 70. Amma wasiƙar Yeb ta ishe mu, domin ana rubuta irinta a ƙasarmu yanzu, ko da ba da alƙalami ba.

Shekara sama da goma ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka a arewacin Zamfara, daga bakin dajin Dumburum zuwa na Sububu. Idan gari ya watse ana lissafa rayuka, da shanu, da rumbuna, kuma ya cancanta a lissafa. Wanda ba a lissafawa shi ne masallacin da aka bari da tabarmi a shimfiɗe, da makarantar allon da ta mutu, da limamin da ya koma yin dako ko sayar da ruwa a Kaura. Inda jama'a suka daure suka zauna kuwa, sau da yawa mai ilimin ne ya fara fita, saboda shi aka fi hari da neman kuɗin fansa. Yaron da aka haifa a farkon fitinar ya balaga yau, wani bai taɓa jin huɗuba ba. Wa yake koya masa tsarki? Wa yake gaya masa cewa layar bindiga da ɗaurin boka ba kariya ba ne, a lokacin da kowa ke neman abin da zai rataya a jiki? Sura ta bakwai ta ba mu labarin yadda Bani Isra'ila, suna ƙetare teku, suka ga wasu mutane sun duƙufa a kan gumaka, suka roƙi Annabi Musa (AS) ya yi musu irinsu. Annabi yana tsakaninsu ke nan. Hadisin Zatu Anwaɗ ya nuna cewa sababbin shiga Musulunci ma sun taɓa yin roƙo mai kama da wannan. Ina ga wanda ba kowa a kusa da shi?

Aya ta 40 ta Suratul Hajji ta jero wuraren ibada iri huɗu, na Nasara da na Yahudu da namu, ta nuna cewa da Allah ba ya tunkuɗe wasu mutane da wasu, da an rushe su. Tsare su wajibi ne a kan hukuma, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma akwai kason da yake wuyanmu mu malaman gari, wanda ba ya jiran soja. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai zauna a Ɗegel yana jiran Zamfarawa su zo ba. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta a Tazyinul Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara suna karantarwa, saboda jahilcin da suka tarar. Ƙasar da ya taka ita ce wannan, kuma ba zamanin kwanciyar hankali ba ne.

Muna kira ga masarautun Kaura Namoda, Zurmi da Shinkafi, tare da limaman Juma'a na kowane ɓangare, su buɗe rajista guda ta masallatan da aka bari. A rubuta sunan ƙauye, da wanda ya gina, da iyakokin fili, da gonar masallaci idan akwai, da sunan liman da inda yake zaune yanzu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri ya karanta, ta hukunta cewa ba a sayar da hubusi ko da ya zama kango. To amma hukuncin ba zai yi aiki ba idan dattawan da suka san iyaka sun rasu a gudun hijira, bangon ƙasa kuma damina uku ta isa ta kwantar da shi. Birnin Zamfara da Alƙalawa manyan birane ne a zamaninsu, ga su nan kusa da mu, kuma mutum nawa ne a cikinmu zai iya nuna inda masallatansu suka tsaya?

Limaman da suka yi hijira suna cikin sahunmu kullum, ba mu san su ba. Kowane masallacin Juma'a zai iya ɗaukar nauyin ɗaya ko biyu daga asusunsa, ya ba su zaure su ci gaba da karantar da yaran ƙauyensu da ke warwatse a unguwanni, domin ranar da hanya ta buɗe su koma da jama'ar da ta san su. Ƙauyukan da har yanzu ake zaune a cikinsu kuwa, mutanensu suna shigowa cin kasuwa. A ware musu majalisi a ranar, a tura musu karatu a katin waya, a ba su lambar malamin da zai ɗaga kira idan mutuwa ta faru ko gado ya rikice. Kwamitocin da ke tsara tafsirin azumi su sa wannan cikin lissafinsu tun a Rajab, kafin a gama raba malamai da kuɗin lasifika ga masallatan cikin gari.